Daga littafin LPO zuwa kwamfuta: Wace irin manhajar sayen kaya ce za ta dace da kamfanonin Kano?

Wanda ya san unguwar Nassarawa GRA shekara talatin da suka wuce, ya san ta da gidajen manyan ma'aikata da attajirai, masu faɗin tsakar gida da inuwar darbejiya da mangwaro. Yau kuwa idan mutum ya ratsa ta Lamido Crescent, ko Titin Sultan, ko Ahmadu Bello Way, zai tarar da dama daga cikin waɗannan gidaje sun zama wuraren aiki: asibitoci masu zaman kansu, makarantun kuɗi, otal-otal, ofisoshin ƙungiyoyin agaji, da ofisoshin gudanarwa na kamfanonin da ke harka da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa. A kowane ɗaya daga cikinsu akwai wani ɗaki da baƙo bai cika leƙawa ba, wato ɗakin akanta, kuma a cikin aljihun teburinsa akwai wani littafi mai kwafi uku ko huɗu da kowa ya sani da suna LPO.

Takardar LPO ita ce odar da ma'aikata ke bai wa ɗan kasuwa a rubuce, tana faɗin kayan da ake so, da yawansu, da farashin da aka daidaita, da ranar kawowa, da wanda ya amince a saya. A ƙa'ida ita ce farkon ciniki. A aikace kuwa, a wurare da yawa ta koma ƙarshensa. Sai kaya sun iso, an sauke, wani lokaci ma har an fara amfani da su, sannan a aika yaro ya ɗauko littafin a cike, a sa kwanan watan makon jiya, domin mai binciken kuɗi ya ga wani abu a fayil idan ya zo ƙarshen shekara.

Wannan sakaci ya daɗe, kuma bai cika jawo wa kowa hukunci ba. Abin da ya sauya shi ne dokar haraji. A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda manyansu suka fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026, kuma a ƙarƙashinsu ne hukumar FIRS ta koma NRS. Tun kafin nan, a watan Agustan 2025, hukumar ta ƙaddamar da tsarin fitar da takardar neman biya ta intanet, inda ta fara da kamfanonin da cinikinsu na shekara ya kai Naira biliyan 5, ta kuma ɗaga musu ƙafa zuwa 1 ga Nuwamba, da alƙawarin cewa matsakaita da ƙanana za su biyo baya. A wannan tsari, kowace takardar neman biya sai ta ratsa ta na'urar hukumar, ta fito da lambarta ta musamman. Najeriya ba ita ta fara ba: Italiya ta wajabta shi tun 2019, Indiya a 2020, Saudiyya a ƙarshen 2021, Kenya ma tana da nata.

Akwai kuma wasu tanade-tanade biyu da suka fi taɓa ɗakin akanta kai tsaye. Na farko, ƙa'idojin cire haraji daga tushe da aka fitar a 2024, suka fara aiki a Janairun 2025, sun sa kashi 2 cikin 100 a kan kawo kaya, amma sun ninka shi ga wanda ba shi da lambar haraji ta TIN. Na biyu, sabuwar dokar gudanar da haraji ta tanadi tarar Naira miliyan 5 ga kamfanin da ya ba da kwangila ga wanda bai yi rajistar haraji ba. Ma'ana, tambayar wa aka saya wa, da wace takarda, ta tashi daga sha'anin cikin gida ta koma abin da ake cin tara a kansa.

Wannan ne ya sa masu tallan manhaja suka samu kasuwa. Akwai manyan na duniya irin su SAP da Oracle, akwai matsakaita irin su Sage da Odoo da Zoho da QuickBooks da Tally, akwai kuma matasanmu da ke rubuta nasu. Tambayar da ta dace a yi kafin a biya kuɗin ko wace ce daga cikinsu ita ce, wane irin ciniki aka yi tunani a kansa lokacin da ake tsara ta, kuma shin ya yi kama da cinikin da ake yi a Kasuwar Singa da Dawanau da Kantin Kwari?

Abin da takardar take tsarewa

Ginshiƙin duk wani tsarin sayen kaya shi ne gwama takardu uku kafin a biya. Ta farko odar da aka bayar. Ta biyu takardar mai kula da sito da ke shaida abin da ya karɓa da hannunsa. Ta uku takardar neman biya daga mai kaya. Idan oda ta ce buhu 500, sito ya ce 480 ya gani, mai kaya kuma yana neman kuɗin 500, to, biya ya tsaya sai an gano inda ashirin suka maƙale. Hikimar tana cikin raba hannuwa: wanda ya nemi kaya daban, wanda ya amince daban, wanda ya karɓa daban, wanda ya biya daban. Kafin a yi sata sai mutum huɗu sun haɗa baki, kuma sirrin da mutum huɗu suka sani bai cika daɗewa ba.

Wannan aiki na gwama takardu yana cin mutane sosai idan da hannu ake yin sa. A farkon shekarun 1980 kamfanin motoci na Ford yana da ma'aikata fiye da 500 a sashen biyan masu kawo kaya na Arewacin Amurka, sai shugabanninsa suka gano cewa Mazda na Japan yana wannan aiki da mutum biyar. Ko da an yi la'akari da bambancin girman kamfanonin, tazarar ta yi yawa. Da suka bincika, sai suka ga yawancin lokacin ma'aikatan yana tafiya wajen warware takardun da suka saɓa wa juna. Suka sauya tsarin, ta yadda mai saye zai shigar da oda a kwamfuta, mai karɓar kaya ya duba ta a bakin ƙofa, in ta dace ya karɓa, in ba ta dace ba ya mayar da kayan. Sashen ya ragu da kashi 75 cikin 100. Masanin gudanarwa Michael Hammer ne ya yayata wannan labari a 1990, kuma darasin da ya fitar shi ne cewa ɗora tsohon tsari mai lahani a kan kwamfuta ba ya gyara shi, sai dai ya ƙara masa sauri.

Kada kuma a ɗauka girman kamfani yana kare shi. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya kafa kamfani mai suna irin na Quanta Computer na Taiwan, wanda ke kawo wa Google da Facebook kayan aiki, ya riƙa aika musu takardun neman biya na bogi, suka tura masa fiye da dala miliyan 100 kafin a farga. Wata kotun Amurka ta ɗaure shi shekara biyar a 2019. Ƙofar da ya shiga ita ce wadda ta fi kowace buɗewa a ofisoshinmu: saƙo ya zo cewa mai kaya ya sauya asusun banki, a tura kuɗi a wannan sabuwar lamba. A Kano ma abin ya fi sauƙi, domin al'ada ce ɗan kasuwa ya ce a tura wa yaronsa, ko ƙanensa, ko mai POS na bakin shago. Manhajar da za ta bar mutum ɗaya ya sauya lambar asusun mai kaya ba tare da na biyu ya tabbatar ba, kuma ba tare da ta ajiye tarihin wanda ya sauya da lokacin da ya sauya ba, ba ta cancanci a saye ta ba, komai kyan allonta.

Kasuwar da manhajar ba ta sani ba

Yawancin manhajojin da ke kasuwa an gina su ne a kan zato guda: mai saye ya ba da oda, mai kaya ya kawo, a biya shi bayan kwana talatin, farashi kuma yana nan inda aka bar shi. Kusan kowane ɓangare na wannan zato yana rushewa a Kano.

A fara da farashi. A tsakiyar watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki darajar Naira, dala ta tashi daga kusan 460 a farashin hukuma, ta wuce 1,500 a watan Fabrairun 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024, kafin hukumar ƙididdiga ta sauya ma'aunin lissafinta. A wancan lokaci dilan atamfa a Kwari yakan jira ya ji yadda kasuwar 'yan canji ta Wapa ta buɗe kafin ya faɗi farashi, kuma farashin safe ba lallai ya kai la'asar ba. Abubuwa sun ɗan lafa daga baya, amma ɗan kasuwar da ya ɗanɗana bai manta ba. Odar da za ta kwana uku tana jiran sa hannun mutum huɗu, matacciya ce kafin ta fita daga ofis. Don haka dole manhaja ta san cewa farashi yana da wa'adi, ta nuna wa mai sa hannu awa nawa suka rage, ta kuma ba da damar a amince da ɗan ƙari, a ce kashi biyu ko uku, ba tare da an sake zagayen daga farko ba. In ba haka ba, ma'aikata za su saya tukuna, su shigar daga baya, a koma gidan jiya.

Sai batun wa ke bin wa. A littattafan Turawa mai kaya ne ke bin kamfani bashi. A nan sau da yawa kamfani ne ke bin mai kaya, domin siminti da sukari da fulawa da dizal, kuɗi a gaba ake biya, sannan a jira lodi. Haka ma wanda aka aika Dawanau ko kasuwannin ƙauye sayen riɗi ko waken soya ko shinkafa shanshera, kafin alƙalami ake ba shi. Babbar tambayar ma'ajin kamfani a Kano ita ce, nawa ne kuɗinmu a hannun mutane, kayan ba su iso ba, kuma kwana nawa ke nan? Manhajar da ta ɓoye wannan a can cikin wani lungu ta rasa abin da ya fi muhimmanci. Gwamnatin tarayya kanta ta san haɗarin, shi ya sa dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ƙayyade kafin alƙalami a kan kashi 15 cikin 100 a lokacin da aka kafa ta. Kamfani mai zaman kansa ba zai iya wannan ba idan masana'anta ta ce sai an biya duka, amma zai iya sa wa kansa iyakar abin da zai bari a hannun mutum ɗaya.

Ma'auni kuma wani babi ne mai zaman kansa. Kwamfuta tana son kilo da lita da guda. Kasuwa tana magana da buhu da tiya da kwano da dila da bandir da katan da tirela. Buhu ba nauyi ɗaya gare shi ba: na masara daban, na zoɓo daban, na wannan kasuwa daban da na waccan, kuma a Dawanau sai an cire tsakuwa da ƙasa da danshi kafin a san ainihin abin da aka saya. A ɗauki misali da kamfanin sarrafa shinkafa da ya ba da odar tan 30. Tirela ta zo, sikeli ya nuna 29.4, na'urar auna danshi ta nuna ya wuce ƙa'ida, aka yi ciniki a bakin ƙofa aka rage wani abu. Takardu ukun nan ba za su taɓa daidaita ba, kuma babu wanda ya yi sata. Idan manhaja ta tsayar da biya a kan kowane irin wannan, akanta zai koyi hanyar zagaye ta, in kuwa ta kau da kai gaba ɗaya, nan ne mai kula da sikeli da direba za su samu wurin kashe-mu-raba. Abin da ake buƙata shi ne gurbin da za a rubuta ragin, da dalilinsa, da hoton takardar sikeli, sannan a ƙarshen wata a ga wane mai kaya ne kullum nasa ke raguwa, kuma a hannun wane ma'aikaci.

Akwai kuma dillali, wanda babu gurbinsa ko kaɗan a fom ɗin da aka tsara a Jamus ko Amurka. Tun zamanin fatake da Kasuwar Kurmi, ciniki a Kano yana bi ta hannun mai masauki da dillali, kuma la'ada halattacciyar riba ce da kowa ya sani. Matsalar tana zuwa ne idan ba a rubuta ta ba, domin a nan ake cusa ta cikin farashi, daga nan kuma ba a iya bambanta la'adar dillali da rabon jami'in saye. A ganina gara a ba ta layinta a fili, tare da kuɗin 'yan dako da na lodi da na mota, ko da kuwa mai binciken kuɗi zai ɗaga gira.

Wani abin lura a ƙa'idojin 2024 shi ne sun keɓe cinikin nan-take, wanda aka biya a bakin kanta ba tare da wata yarjejeniya a gaba ba, daga cire haraji, haka ma kayan da mai kawowa ya ƙera da kansa. Sun kuma sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni idan cinikin bai wuce Naira miliyan 2 a wata ba kuma mai kayan yana da TIN. To, da zarar an ba ɗan kasuwa LPO, da wuya a kira cinikin na nan-take. Ga wanda ribarsa a katan ɗin taliya ko sabulu ba ta taka kara ta karya ba, cire kashi biyu ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba kowa ne ya san cewa kuɗin ana lissafa masa su a cikin harajinsa na shekara ba. Sai ya ƙi takardar, ko ya ƙara kuɗin a farashi. Manhaja mai hankali za ta lissafa cirewar da kanta, ta nuna wa mai kaya tun a jikin odar abin da zai shiga asusunsa, ta kuma fitar masa da shaidar abin da aka cire. Rigima da yawa tsakanin ofis da kasuwa daga nan take farawa, lokacin da alat ya shigo da ƙasa da abin da aka yi magana.

Idan maigida ne ya karya ƙa'ida

Duk abin da aka faɗa a sama injiniya mai basira zai iya warware shi. Wanda ya fi wuya ba na injiniya ba ne.

Galibin kamfanonin Kano na iyali ne. Alhaji ne ya kafa, shi ne shugaba, shi ne mai sa hannu a banki, ɗansa ne manajan darakta, ɗan ƙanwarsa ne ke sayen kaya, surukinsa kuma yana cikin masu kawowa. Akanta bare ne, albashi yake ɗauka. Idan Alhaji ya turo saƙon murya ta WhatsApp daga Makka ko Dubai cewa a biya wane, babu akantan da zai amsa masa da cewa manhaja ba ta yarda ba. Masu tsara manhaja sukan yi kamar wannan ba ya faruwa, su gina matakan amincewa biyar, sai a wayi gari sakataren Alhaji yana riƙe da kalmar sirrin kowa, yana danna amincewa a madadin mutum biyar. Tsarin yana nan a allo, amma babu kowa a cikinsa.

Na fi karkata ga ra'ayin cewa a karɓi gaskiyar a gina a kanta. A bar wa maigida ƙofar gaggawa, amma ƙofa mai rajista: saƙon muryar ya shiga fayil ɗin cinikin, a rubuta cewa an biya bisa umarninsa ba tare da oda ba, a kuma kai masa jimillar irin waɗannan a ƙarshen kowane wata. Attajirin da ya ga da idonsa cewa rabin kuɗin da suka fita ta wannan ƙofa suka bi, kuma wasunsu ma bai tuna ya ba da umarninsu ba, ba ya buƙatar wa'azi. Haka nan manhaja ta riƙa tona rarraba oda. Idan manaja yana da ikon amincewa har Naira miliyan ɗaya, aka ga oda uku na dubu 950 ga mutum ɗaya a mako ɗaya, to, ta ɗaga tuta. Dokar 2007 ta lissafa irin wannan rarrabawa cikin laifuffuka a harkar gwamnati, kuma dabarar ba ta san bambancin ma'aikata da kamfani ba.

Wasu kan ce rubutu alamar rashin yarda ne, kuma kasuwancin Kano a kan amana ya ginu. Gaskiya ne amana ta yi aiki. Bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911, Alhassan Ɗantata ya gina harkar gyaɗarsa ne ta hanyar wakilai da ya baza ƙauyuka da kuɗi a hannu, kuma har yau ana ɗaukar kayan miliyoyi a Kwari da magana kawai. Amma amanar nan tana da masu tsaronta: kowa ya san gidan kowa, wanda ya ci amana ba shi da sauran wurin zama a kasuwa. Kamfanin da ke da ma'aikata ɗari uku da masu kawo kaya daga Legas da Onica da Gwangju ya wuce wannan da'ira. Kuma Musulmi ba ya buƙatar Bature ya koya masa rubuta ciniki: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, malaman fiƙihu kuma sun sharɗanta wa cinikin salam, wanda ake biya a gaba a karɓi kaya daga baya, sanin nau'i da ma'auni da wa'adi. Idan aka duba da kyau, waɗannan su ne gurabun da ke jikin takardar LPO. Ranar da aka fi jin rashinta ita ce ranar rabon gado, lokacin da magada da masu bin bashi suka taru, wanda ya san komai a ka kuma yana kushewa.

Wuta, sabis da harshe

Sauran buƙatun a bayyane suke. Sito yana Dawanau ko Gunduwawa, ofis yana GRA, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, don haka mai karɓar kaya ya iya shigar da bayani a wayarsa ko babu intanet, ya tafi da kansa idan ya dawo. Ofishin da ke layin Band A ya ga kuɗin wuta ya tashi daga kusan Naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024, saboda haka ajiye babbar kwamfuta a ɗaki mai sanyi dare da rana ba ƙaramin nauyi ba ne. Ajiye bayanai a intanet kuma yana da nasa amfanin da gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Maris ɗin 2016 ta koya wa mutane da tsada, domin ba kaya kaɗai wuta ke ci ba, har da littattafan bashi. Sai dai hayar yawancin manhajojin waje da dala ake biya, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa kamfani alhakin bayanan mutanen da ya tara. Kafin a sa hannu a tambayi mai sayarwa, in mun rabu, ta yaya za mu kwashe bayananmu?

Harshe kuma ba ado ba ne. Akanta ya iya Turanci, amma mai kula da sito da direba da dilan da za a aika wa oda ba lallai ba. Odar da ta isa wayar ɗan kasuwa da Hausa, a taƙaice, da maɓallin da zai danna ya ce ya karɓa, ta fi doguwar takardar Turanci da zai kai wa ɗansa ya karanta masa da daddare.

Gwamnati ta riga kamfanoni bin wannan hanya, kuma abin da ta gani yana da amfani. An kawo GIFMIS a 2012, an tilasta asusun bai-ɗaya na TSA a 2015 ta hanyar Remita, shirin SFTAS na Bankin Duniya kuma ya riƙa ba jihohi tukuicin kuɗi idan suka kafa dokar sayen kaya suka koma yi ta intanet. An samu ci gaba wajen sanin inda kuɗi suke. Amma rahotannin Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ba su daina kawo labarin biyan kuɗi babu takardu da kwangilolin da ba a bi ƙa'ida ba. Na'ura tana rubuta abin da aka shigar mata, ba ta zuwa sito ta ƙirga.

Wanda nake jiye wa a wannan sauyi shi ne ƙaramin mai kawo kaya: matar da ke kai wa makaranta kayan miya daga Yankaba, mai walda da ke gyara ƙofar asibiti, mai kawo ruwa da tanka. Idan kamfani ya ji tsoron tarar miliyan 5, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya sallame su ya ɗauki babban ɗan kwangila mai takardu, wanda zai koma ya sayi kayan a hannun waɗannan mutanen ya ɗora ribarsa. Manhajar da aka tsara da tunanin Kano za ta sauƙaƙa rajistar irinsu, ta taimaka musu su samu TIN, maimakon ta rufe musu ƙofa. Akwai ma riba a gare su in an yi daidai. Bankuna sun daɗe suna ba da lamuni a kan LPO, bankunan da ba sa harka da ruwa irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, suna yin haka ta hanyar murabaha, su sayi kayan su sayar wa mai odar. Abin da ke sa su ɗari-ɗari shi ne LPO na bogi. Odar da banki zai iya tantancewa da lambarta cikin minti ɗaya jari ce ga wanda ba shi da filin jingina.

Ga ma'ajin da mai talla zai zo wa da kwamfutar tafi-da-gidanka a wannan makon, shawarata ita ce kada ya yarda a nuna masa misalin da aka shirya tun daga ofishinsu. Ya ɗauko ciniki uku na gaske daga fayil ɗin watan jiya: wanda aka biya a gaba kayan suka zo kashi biyu, wanda sikeli ya saɓa wa oda, da wanda Alhaji ya ba da umarninsa ta waya. Ya ce a shigar da su yana kallo, sannan ya kira mai kula da sito ya gwada da wayarsa.